Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: Kafin a Yi Mata Fomatin, a Duba Inda Ta Tsaya

Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ɗan yayata ya zaro laftof daga jaka ya ajiye a kan tabarma. "Kawu, ta mutu, kuma furojet ɗina yana ciki." Saura kwana tara ya miƙa wa malaminsa babi na huɗu da na biyar. Ya riga ya biya ta wajen wani mai gyara, wanda ya danna maɓalli, ya kalli allo na ɗan lokaci, ya yanke hukunci: Windo ce ta tafi, sai fomatin, wato a share komai a sake saka Windows. Da ya tambaye shi fayilolinsa fa, sai ya ce masa sai dai haƙuri.

Na jona ta da caja na kunna. Fitila ta kama, fanka ta yi 'yar ƙara, tambarin kamfani ya fito, ɗigogin nan na Windows suka fara zagayawa. Ba su yi nisa ba allo ya koma shuɗi, ta ɗauke, ta sake kunna kanta, ta maimaita abin da ta yi. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, gawa ba ta yin wannan doguwar tafiya.

"Ta ƙi tashi" magana ce guda ɗaya da ta lulluɓe cututtuka barkatai. Wanda ya taɓa kai wa bakanike ƙarar mota ya san tambayar farko da zai ji: da ka murɗa makulli, me ta yi? Shiru ne ƙwal, ko ta yi ta tari ba ta kama ba, ko kuwa ta kama sannan ta mutu? Kowace amsa da inda take tura shi, kuma ba za ka ga ya sauke inji don batir ya yi sanyi ba. Haka kwamfuta take. Tashinta hawa-hawa ne, kowane mataki sai ya gama nasa ya miƙa wa na gaba, saboda haka wurin da ta tsaya shi ke nuna mai laifi, kuma shi ke wanke duk waɗanda aka riga aka wuce.

Ga yadda tafiyar take. Da ka danna maɓalli, wuta ce ke fara shiga babban allon cikinta, wanda masu gyara ke ce wa madabod. Idan wutar ta daidaita, sai ƙwaƙwalwar kwamfutar ta farka ta karanta wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin madabod ɗin tun daga kamfani. Ita ce BIOS, sabon samfurinta kuma UEFI, kodayake har gobe BIOS kowa ke cewa. Aikinta na farko kiran suna ne: ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, na nan? ɓangaren hoto na nan? kibod fa? Wannan binciken shi ake kira POST. Idan kowa ya amsa, sai ta nemi ma'adanar da babbar manhaja take ciki, ta tashi wani ɗan aike da ke farkon ma'adanar, shi kuma ya loda zuciyar Windows tare da direbobin da ba a iya tafiya sai da su, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da kayan cikin kwamfutar. Daga nan sai shafin da ke neman kalmar sirrinka. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi, shi ya sa ba ma lura da shi sai ranar da ya cije.

Mataki na farko shi ne mafi sauƙin ganewa. Ka danna, babu fitila, babu motsin fanka, babu komai. A nan ba ruwan Windows, ko kusa ba a kai gare ta ba. Sauya soket, gwada wata cajar da ta yi daidai da taka, domin cajar laftof galibi tana ba da bolt 19 zuwa 20 ne, kuma ba kowace mai shiga rami ce ta dace ba. Cire caja, cire batir idan mai fita ne, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 don ragowar wutar da ta maƙale ta zube, sannan ka mayar da caja kaɗai ka gwada. Wannan 'yar dabarar ta tashi kwamfutoci da yawa da aka riga aka yi wa ta'aziyya. Akwai wata alama da ya kamata a lura da ita: idan cajarka mai fitila ce, tana ci lafiya lau, amma da ka soka ta a jikin laftof sai fitilar ta mutu, to wani abu ya haɗe a madabod, aikin mai gyara ne na gaske, mai mita da kayan walda. A kwamfutar tebur kuwa akwatin wutar da ke bayanta ne ake fara tuhuma, musamman a wurinmu da wuta ke zuwa rabi ta koma, a tashi janareta ya yi sama ya yi ƙasa. Sauya shi ake yi, ba a buɗe shi, don yana riƙe wuta ko bayan an zare waya.

Na biyu ya fi rikitarwa. Fitila ta kama, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Kafin komai sai a rabe tsakanin kwamfutar da ba ta tashi ba da wadda ta tashi amma allonta ne ya makance. Danna maɓallin manyan baƙaƙe ka ga ko fitilarsa na kamawa tana mutuwa. Haska tocilar waya a jikin allon daga gefe, idan ka hango inuwar rubutu to hasken bayan allon ne ya mutu. Ko ka jona ta da talabijin da wayar HDMI. Laftof ɗin Dell ma suna da nasu gwajin, ka danne harafin D sannan ka kunna, allon zai riƙa sauya launuka idan lafiyarsa ƙalau.

Idan ba allo ba ne, to kiran sunan nan ne bai kammala ba, kuma kwamfutar tana ƙoƙarin gaya maka wanda bai amsa ba. Tunda ba ta da bakin rubutu tukuna, sai ta yi da ƙara ko da ƙiftawar fitila. HP na ƙifta fitilar maɓallin manyan baƙaƙe, Dell na ƙifta ta caji da launin ruwan goro da fari, tsofaffin na tebur kuma ƙara suke yi, ɗin-ɗin-ɗin. Ƙirga su, ka nemi ma'anarsu da sunan samfurin kwamfutarka, domin ƙifta uku a wannan kamfani ba lalle ta zama ma'anarta ɗaya da ta wancan ba. A abin da na gani da idona, ram ne ya fi yawan zama mai laifi a wannan gaɓar, kuma sau da yawa ba lalacewa ya yi ba, zamansa ne ya gurɓace. Laftof ta sha jijjiga a bayan babur, ƙurar hunturu ta shiga ta kwanta a haƙoransa. Zare wuta da batir, taɓa wani ƙarfe don ka sauke wutar jikinka, buɗe maƙallan gefe biyu, ciro shi ta gefensa, share haƙoran da busasshen ƙyalle mai tsabta, ka mayar har ka ji ƙas. Idan guda biyu ne, gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kowane rami. Ƙa'idar duk aikin ke nan: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Wanda ya sauya uku ya ga ta tashi, bai san wanne ne ba, kuma zai sake dawowa.

Akwai kuma wadda ke tashi ta yi minti ɗaya ko biyu, fanka na ihu kamar injin markaɗe, sai ta mutu ɗif ba shuɗin allo ba saƙo. Zafi ne. Ƙwaƙwalwar kwamfuta idan ta doshi digiri 100 takan kashe kanta don kada ta ƙone. Buɗe ta za ka tarar ƙura ta dunƙule a bakin mafitar iska kamar auduga, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyayawa kuma ya bushe ya zama kamar alli. Shara da sabon mai, shi ke nan. Masu ɗora laftof a kan katifa su ma su ji.

Mataki na uku shi ne inda tambarin kamfani ya fito, sai rubutu ya biyo baya cewa ba a ga abin da za a tashi da shi ba, irin su "No bootable device" ko "Operating system not found". Abin farko, kuma kada ka raina shi, cire duk wani filas ko ma'adanar waje da ke jone. Kwamfuta kan yi ƙoƙarin tashi daga filas ɗin waƙoƙi ta rasa komai ta tsaya. Idan ba shi ba ne, shiga BIOS. A Dell F2 ne, a HP F10, a ThinkPad na Lenovo F1, ana dannawa ne da zarar an kunna. Tambaya ɗaya kake nema wa amsa: BIOS tana ganin ma'adanar ko ba ta gani? Idan tana gani, da sauƙi, wataƙila jerin abin da za a fara tashi da shi ne ya hargitse, ko fayilolin ɗan aiken nan ne suka lalace lokacin da wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, kuma ana iya sake gina su daga filas ɗin Windows da umarni irin su bcdboot. Idan ba ta gani, a cire a mayar, don wani lokaci kwancewa kawai ta yi.

A nan sai ka kasa kunne. Tsohuwar ma'adana, HDD, faifai ne ke juyawa a cikinta sau 5,400 ko 7,200 a minti, da wata allura tana shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba. Idan ka ji ƙas, ƙas, ƙas a jere, kashe ta nan take. Kowace kunnawa tana iya zama ƙarin karce a kan faifan da hotunan bikinka suke. Kada ka saka mata chkdsk, umarnin Windows na binciken ma'adana, kada ka saka mata wata manhajar gyara, domin duk suna tilasta mata aikin da ba ta da ƙarfinsa, ana kukan targaɗe sai ga karaya. SSD, sabuwar ma'adana marar faifai, ba ta da wannan ladabin na yin gargaɗi da ƙara. Ita takan ɓace ne kawai.

Na huɗu, inda ta ɗan yayata ta tsaya, shi ne ya fi yawa kuma shi ya fi jawo fomatin na zalunci. Windows ta fara lodi ta faɗi. Shuɗin allon nan da mutane ke tsoro ba shi ne cutar ba. Windows ce ta ga wani abu ya karkace a cikin zuciyarta, ta gwammace ta tsaya da ta ci gaba ta ɓata maka bayanai, kuma kafin ta tafi takan rubuta dalili a ƙasan allon. Wannan rubutun shi ne bakin zaren. Ɗauke shi a hoto da waya. A sababbin Windows 11 Microsoft ta mayar da launin baƙi daga 2025, amma saƙon yana nan.

Mu namu ya rubuta INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, ma'ana Windows ta fara tashi daga ma'adana sannan ta nemi ma'adanar ta rasa hanyar isa gare ta. Na shiga BIOS, abin da idona ya fara faɗawa a kai shi ne kwanan wata: ya koma shekaru baya, agogo kuma sha biyun dare. Na tambaye shi, "Yaushe rabon batirinta ya riƙe caji?" Ya ce tun da ya saye ta gwanjo sai a jone take aiki, kuma ya yi sati biyu a gida bai kunna ta ba. To ga zance ya fito. A jikin madabod akwai wani ɗan batir kamar kwabo, CR2032, mai bolt 3, shi ke riƙe agogo, a kwamfutoci da yawa har da saitin BIOS, lokacin da babu wata wuta. Nasa ya ƙare, saiti ya koma yadda ya fito daga kamfani. Cikin abin da ya koma har da yaren da madabod ke magana da ma'adana: wanda ya saka Windows ɗin ya saka ta ne a kan AHCI, saitin kamfani kuma RAID ne. Windows ta farka ta ji ana yi mata yaren da ba ta da direbansa. Na mayar da shi AHCI, na gyara kwanan wata, na adana, na sake kunnawa. Sai ga hoton da ya saka a fuskar allo yana kallonmu. Bai ce komai ba, filas ya laluba a aljihu.

Abin haushin shi ne, da an yi fomatin ɗin da ta tashi, kuma mai gyaran zai ce ai na faɗa maka. Sabuwar Windows za ta zauna a kan saitin da ta tarar, furojet ya tafi, mataccen batirin kuma yana nan.

Ba kullum ake dacewa haka ba. Mafi yawan faɗuwa a wannan matakin daga direba ne ko daga sabuntawar da ba ta zauna daidai ba, shi ya sa tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: mene ne na ƙarshe da ya sauya? An saka sabuwar manhaja? An jona sabuwar firinta? An ɗauke wuta tana cikin sabuntawa, ko kai ne ka gaji da jira ka danne maɓalli? Windows 10 da 11 idan suka kasa tashi sau biyu a jere, a karo na uku sukan kai ka ɗakin gyara da kansu. Idan ba su kai ka ba, kashe ta da maɓalli da zarar ɗigogi sun fara zagaye, sau biyu, za ta kai ka. Masu tuna F8 na zamanin Windows 7 su haƙura, tun Windows 8 aka rufe wannan ƙofar. A cikin ɗakin gyaran akwai wurin cire sabuntawa ta ƙarshe, akwai wurin mayar da kwamfuta yadda take a wata rana ta baya idan an taɓa ajiye wannan matsayin, akwai kuma jerin hanyoyin tashi. Lamba 9 a jerin tana hana ta sake kunna kanta, don ka samu karanta saƙon a natse. Lamba 4 ita ce Safe Mode, wato tashi da direbobin dole kaɗai. Idan ta tashi a haka, kusan ka gama: ƙarfen, wato kayan cikinta, lafiya, zuciyar Windows lafiya, wani baƙo ne da ake lodawa daga baya ke kayar da ita, sai ka bi abubuwan da ka saka kwanan nan ka cire ɗaya-ɗaya.

Duniya ta ga wannan darasin a fili ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024. Kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka, CrowdStrike, ya tura wani ɗan fayil na sabuntawa ga manhajarsa ta Falcon da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya. Manhajar tana aiki ne a can cikin zuciyar Windows kuma tana cikin waɗanda ake lodawa da wuri, fayil ɗin kuma da kuskure a cikinsa. Kamfanin ya janye shi bayan minti 78, amma aikin gama ya gama. Microsoft ta ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne suka faɗi, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na na'urori masu Windows, sai dai su ne na filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci. Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar. Kwamfutar da ba ta tashi ba kuwa da wuya a aika mata gyara ta intanet, dole ma'aikata suka riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Maganin fa? A shiga Safe Mode, a buɗe jakar direbobin CrowdStrike, a goge fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291, a sake kunnawa. Fayil ɗaya tak.

Abin da ya ja aikin ya yi tsawo a wurare da yawa ranar shi ne BitLocker, kuma wannan ya shafi kowa yanzu. Tsari ne da ke kulle duk abin da ke cikin ma'adana, kuma sababbin kwamfutoci masu Windows 11 da yawa suna kunna shi da kansu idan ka shiga da asusun Microsoft, ba tare da ka lura ba. Ranar da aka taɓa saitin BIOS, ko aka nemi shiga ɗakin gyara, ko aka ciro ma'adanar aka jona a wata kwamfutar, sai ya nemi mabuɗi mai lamba 48. Galibi yana ajiye a asusunka na Microsoft, ana iya dubawa ta waya. Idan babu shi babu mai buɗe maka, ko kamfanin da ya ƙera ta. Wanda ya sayi kwamfuta wani ya yi masa saiti da imel ɗin da bai san kalmar sirrinsa ba, ya binciki wannan tun tana tashi.

Idan saƙon shuɗin allon yana sauyawa, yau wannan gobe wancan, ni nakan daina zargin Windows in koma kan ram ko zafi. Manhaja idan ta lalace takan faɗi a wuri guda ne kullum, ƙarfe ne ke faɗuwa ba tsari. Kwamfutocin Dell da HP suna da gwajin kayan ciki tun kafin a kai ga Windows, a Dell ta F12, a HP ta F2. Akwai kuma MemTest86 da ake ɗorawa a filas a bar shi ya kwana yana gwada ram. Kuskure ko guda ɗaya ya nuna, ya isa hujja.

Duk da haka akwai ranar da sake saka Windows ne kawai mafita, ba na musun wannan. Abin da nake ƙi shi ne a fara da shi. Kafin a kai can sai an kwashe kaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora Ubuntu, wata babbar manhaja irin Windows, a filas ta wata kwamfutar, a tashi marar lafiyar daga filas ɗin, a zaɓi gwadawa ba sakawa ba, sai a buɗe ma'adana a kwafe fayiloli zuwa waje. Wannan jifa ɗaya ne tsuntsu biyu, domin idan Ubuntu ta yi awa guda tana aiki ba ta faɗi ba, ka samu shaida mai ƙarfi cewa madabod da ram ba su da laifi. Ko kuma a ciro ma'adanar a saka ta a ɗan akwatin USB a jona da wata kwamfuta, in dai ba irin ƙananan laftof ɗin nan ba ne da aka like ma'adanarsu a jikin madabod. Ko sake sakawar ma ba dole sai an share komai ba. Akwai zaɓin sabunta Windows a bar maka fayilolinka, manhajojin da ka saka ne kawai za su tafi. Kuma idan aka saka sabuwa a kan tsohuwa ba tare da an goge ɓangaren ba, tsofaffin fayiloli kan koma wata jaka mai suna Windows.old, sai dai a yi hanzarin kwashe su don ba ta dawwama.

Idan ta kai ga zuwa wurin mai gyara, je masa da labari cikakke: a nan take tsayawa, ga hoton saƙon, ga abin da ya faru kafin ta fara, ga abin da na gwada. Ka faɗa masa ƙarara kada a goge komai sai an kira ka. Ka rubuta girman ram da na ma'adanarka kafin ka bar ta, masu gyara na kirki ba sa jin haushin wannan. Idan abin da ke ciki ya fi kwamfutar daraja a wurinka, kuma matsalar ta wuta ce ko ta allo, ciro ma'adanar ka bar ta a gida, ba ya buƙatarta don ya gyara madabod.

Ɗan yayata ya kwafe furojet ɗinsa a filas, ya tura wa kansa ta imel, sannan muka aiki yaro ya sayo batirin. Na laftof ɗinsa irin mai 'yar waya ne da aka naɗe da baƙar roba, sai da aka zagaya shago uku kafin a samu.